Iskar da ta shiga hannuna

Wata biyu da fitata takaba na koma haɗa turaren wuta, sana'ar da na gada wajen mahaifiyata, mutuniyar Barno. Gidanmu na unguwar Sheshe ɗaki shida ne, ni kaɗai na rage a cikinsa. 'Yata tana aure a Kaduna, ɗana kuma aiki ya kai shi Legas.

Wata Talata ina faskara itacen sandal, wuƙa ta zame ta soke ni tsakanin babban yatsa da manuni. Ɗan huji ne, ko jinin kirki bai yi ba. Na wanke, na ɗauki taɓarya na ci gaba da daka.

Bayan la'asar na ga bayan hannun ya kumbura. Ba zafi, ba ja. Da na danna sai na ji ƙas-ƙas a ƙarƙashin fata, kamar ana murza leda. Na juya zan ce, "Malam, zo ka ji," sannan na tuna maigidan ba ya nan.

Washegari na tari adaidaita sahu zuwa asibiti. Mai yankan kati ya ce, "Hajiya, wa ya rako ki?"

Na ce, "Ni na rako kaina."

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta auna zafin jikina, ta tura ni hoto, aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta riƙe hannuna cikin nata biyu tana dannawa a hankali.

"Mama, iska ce kawai. Hujin nan ne yake zuƙo ta duk sanda kika buɗe hannu kika rufe, in ta shiga sai ta kasa fita. Babu ƙwayar cuta. Ki ajiye taɓarya, jiki zai shanye ta da kansa. In kika ji zazzaɓi ko ciwo, ko wurin ya yi ja, ki dawo nan take."

Na ce to, amma ban janye hannun ba. Rabon da wani ya riƙe min shi tun kwanakin zaman makoki. Ita ma ba ta yi saurin saki ba.

Da yamma 'yata ta kira. Na buɗe baki zan ba ta labari, sai na ji jaririnta yana tsala kuka, ita kuma tana cewa a sauke mata tukunya.

"Umma, lafiya dai?"

Na ce lafiya lau. Kuma ba ƙarya na yi ba.

Kwana biyar ina zaune a tsakar gida da bandeji, ina danna wurin ina saurare. Ran na shida ƙarar ta ɗauke. Na tashi na share gidan, na dafa shinkafa gwangwani ɗaya, ta kai ni har washegari.