Takardun Habibu Da Na Ƙona

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, amma sai a watan jiya na san abin da na aikata.

Ni a firamare na tsaya, noma da kiwo na sani a Madadi. Shi kuwa malamin lissafi ne a Gwarzo. Idan ya zo gida, sai ya duƙufa yana cika ƙananan takardu da lambobi da wasu alamomi, yana kwafe su a waya. Ya ce ƙididdiga ce, da yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, da adireshin shafukan da ake koyo. Nakan ce masa wannan ba ya cika rumbu.

Bayan sadakar arba'in na buɗe akwatinsa. Kowace takarda da Bismillah a samanta. Na ji tsoron a ƙunshe ƙosai da su ko a tattaka, sai na yi yadda muka gada: na ƙone su a bayan gida, na binne tokar. Har ina ganin lada na samu.

Watan jiya wata Malama Rabi ta zo daga Kabo. Ta ce da rubutun Habibu na intanet ta koyi sarrafa kwamfuta, da shi kuma take koyar da ɗalibanta. Ta karanta mini wani darasi, sai ga shanunmu a ciki, har da jar saniyarmu mai karyayyen ƙaho, ana auna nonon da suke bayarwa rani da damina. A darasin ƙarshe ya rubuta cewa sauran suna cikin akwati, zai ɗora idan ya warke.

Sai ta ce, "Baba, akwatin yana nan?"

Na ce ban san inda takardun suka shiga ba. Da furfurata na yi mata ƙarya. Rashin sani ya sa kaza kwana a kan dami, amma ƙaryar da sanina na yi ta.

An ce yanzu waya da kanta tana warware lissafi. Na san da Habibu yana raye zai yi dariya, ya ce to wa zai duba ko ta yi daidai?

Malama, ki daina jira. Ni na ƙone su. Abin da Habibu ya raba wa baƙi yana nan yana haihuwa. Wanda ya bari a hannun yayansa ne ya zama toka. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini.