Jirgin Yaƙi na Gwangwanin Madara

A shagon mai hoto na fara ganinsa, a Kazaure, jikin wata kalanda da ke rataye gefen kujerar da ake zama a ɗauki mutum. Na je ne a yi mini ƙaramin hoto na takardun aiki, don ba a daɗe da tura ni koyarwa firamare a Roni ba. Jirgin ruwa ne na yaƙi, dogo, launin toka, bindigogi gaba da baya, ga sojoji cikin fararen kaya sun jeru a kansa, teku tana darewa biyu a gabansa.

"Ticha, ni za ka kalla ko bango?" in ji mai hoton.

Kirista ne daga duwatsun Filato, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Da ya ga wuyana ya ƙi komawa daidai, sai ya yage shafin ya miƙo mini, ya ce ai watan ya wuce, in tafi da shi ko ya samu ya yi aikinsa.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka ƙara wa ma'aikata albashi. Abokaina kowa ya sayi babur ko rediyo mai kaset, kuma abin da suke kai wa 'yan matansu toshi ke nan: agogo, atamfa, turare, takalma masu tsini. Ni ma ina da wadda nake so, 'yar wani tela a Kazaure, tana makarantar horon malamai mata, sai lokacin hutu take gida. Tana da wata irin dariya da take farawa daga ido kafin ta sauko baki, in na tuna ta a aji sai in manta inda na tsaya a allo. Na tashi da karatun ƙananan littattafan soyayya na kasuwa, kuma a cikinsu ban taɓa ganin masoyin kirki ya shiga kanti ya sayo abin da kowa ke saye ba. Yakan yi abin da ba wanda ya taɓa yi.

Wata la'asar muna zaure ta ce, "Malam, kowa da abin da yake kawowa, kai kullum labari."

"Zan kawo miki abin da ba a taɓa kai wa wata mace ba a ƙasar Kazaure."

"Allah ya sa ba kura ba ce."

Na zaro shafin kalandar na buɗe mata. Na ce wannan zan ƙera mata da hannuna. Ta duba, ta dube ni.

"A ina zan ajiye shi? Cikin randa?" Ta yi dariyar nan tata. "To, ka ƙera. Amma fa ya tsaya a kan ruwa. In na kallo ne, bar shi a takarda."

Da kara na fara, domin duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasarmu ya iya motar kara. Awo ne ya fara ba ni wahala, sai dabara ta zo mini: sojan da ke tsaye a kan jirgin na mai da shi tsinken ashana guda, na riƙa auna komai da shi. Da haka jirgin ya fito kusan tsawon tabarmar salla. Na feƙe totuwa, na tsaga ɓawon kara, na tayar da bene a kan bene. Na tafi gida hutun ƙarshen zango na bar shi a ƙasan gado. Da na dawo na ɗaga shi, sai ya zube a hannuna kamar gari. Gara ta shiga ta ciki ta cinye, ta bar mini siffar kawai.

Na ce to, ƙarfe. Gwangwanin madara ya fi daɗin yanka da lanƙwasawa, amma da na je wurin masu shayi sai na tarar duk sun yi wa masu yin fitilar aci-balbal alkawarin nasu tun tuni. Babu yadda na iya sai bola. Ranar kasuwar Roni, in an watse, sai in bi bayan rumfuna da buhu. Ranar kasuwar Gwiwa in hau keke in je. Har Babura na taɓa kaiwa, don an ce mini a can ake samun manyan gwangwanayen man girki da ke shigowa daga ƙetaren iyaka, kuma su nake bukata na yin gefen jirgin. In yanka da almakashi, in baje da guduma, in wanke. Yatsuna duk suka tsattsage, in na riƙe alli a aji sai in ji kamar barkono.

Liƙi da dalma kuwa wurin mai gyaran bokiti na tsaya na kalla har na koya. A hannunsa abin kamar wasa. A nawa hannun, in na liƙe nan sai zafi ya narkar da can. Bindiga ɗaya sai da na yi ta sau da yawa kafin ta daina kama da mazurari. Fenti launin toka babu shi a kasuwa, na haɗa fari da baƙi, kowane haɗi kuma da irin tokarsa, jirgin ya fito dabbare-dabbare, na kankare na sake.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Hoton ya ƙare ne daidai inda ruwa ya fara. Abin da ke ƙasa, ba wanda ya sani. Na koma wurin mai hoto, tunda daga kudu da mu ya fito.

"Ticha, ni ɗan dutse ne kamarka," ya ce. "Ruwan da na sani na rafi ne."

Amma hakan bai hana shi gardama ba. Ya ce ƙasan kamar kwalekwale yake, na ce kwalekwale ba zai ɗauki bene ba. Ya kira wani tsohon soja da ke gadi a kusa, wanda aka ce an taɓa ɗaukar su a jirgin ruwa lokacin yaƙi. Shi kuma ya ce tun da aka zuba su a ciki yake amai har aka sauke su, bai ga sama ba balle ƙasa. Na dawo Roni na yi masa gindi shimfiɗaɗɗe kamar faranti.

Da damina ta sauka, kududdufin bayan gari ya cika, na ɗauke shi na kai. Na naɗe wando, na shiga har gwiwa, na ɗora shi a hankali kamar jariri. Ya tsaya na ɗan numfashi ɗaya, ya karkata, ya kife, gindinsa yana kallon sama. Na cire bindigogin, ya tsaya daram. Na mayar, ya kife. Jirgin yaƙi ba bindiga kuwa ai kwanon wanki ne. Haka na riƙa zuwa kusan kullum bayan an tashi makaranta, in rage nan, in ƙara can. Ba na musun cewa nakan yi masa magana. Wanda ya taɓa shan wahalar abu irin wannan ya san ana yi. Mata masu wanki suna kallona, Fulani masu shayar da shanu suna kallona, har wani dattijo a cikinsu ya taɓa matsowa ya ce, "Malam, ko wani abu ne ya faɗa maka a ciki?"

A tsakiyar wannan ne mahaifinta ya ce in turo magabatana. Baffana ya je, aka karɓe shi da mutunci, aka ce za a yi bincike kamar yadda aka saba. Ko a jikina. Ba na shan taba, ba na caca, salla ba ta wuce ni a jam'i, ga aikin gwamnati. Mahaifin nata ya tura ƙanensa Roni ranar kasuwa ya tambayi halina. Ba a yi mini ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. An ce masa ina da kirki, ina koyarwa da kyau, sai dai ina tsince-tsince a bola. Da yamma kuma aka raka shi bakin kududdufi ya gani da idonsa.

Baffa ya aika aka kira ni.

"Kai, me kake tsinta a bola?"

"Gwangwani ne, Baffa."

"Na san ba zinare ba ne. An ce kuma kana shiga ruwa kana yi wa kwano faɗa."

"Ba kwano ba ne, jirgin yaƙi ne."

"Don Allah kada ka sake faɗa wa kowa haka. Kada ka ƙara mana aiki."

Saƙon da ya zo daga gidansu shi ne a dakata tukuna yarinya ta gama karatu. Kowa ya san ma'anar wannan. Ni kuwa na ƙudurta cewa maganin abin ɗaya ne, su ga jirgin a gama, su gane ba hauka ba ne. Na ƙara dagewa. Wata rana liƙin ƙasa ya buɗe, ruwa ya ɗan shiga ciki, sai na ga jirgin ya nutsa kaɗan ya daina rawa. Ashe nauyi yake nema a ciki. Na samo tsohon batirin mota, na narka dalmarsa na zuba a gindin, na toshe ɓular. Na ɗora shi da bindigoginsa duka, na hura masa iska da baki. Ya tafi. Ya ratsa kududdufin nan a miƙe, ruwa yana darewa a gabansa, ni kaɗai a tsaye sai shanu. Na yi ƙwalla, ba zan ɓoye ba.

Na naɗe shi a buhu na ɗaure a bayan keke har Kazaure, na wuce kai-tsaye shagon mahaifinta. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance buhun.

"Baba, ga abin da ake cewa hauka."

Ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya gyara tabarau, ya bi liƙin da yatsa kamar mai duba ɗinkin wani. Ya juya bindigar gaba, ta juya.

"Aiki ya yi kyau. Tun yaushe kake yinsa?"

"Tun bara, Baba."

"Ɗana, wanda ya ce kana da taɓin hankali bai yi maka adalci ba. Amma a ce da lafiyarka ƙalau ka yi wannan, shi ya fi tayar mini da hankali." Ya ce duk da haka ba zai yi mata dole ba, ta kowane ɓangare, in je in ji daga bakinta.

Ta fito zaure, ta tsuguna gaban jirgin, ta taɓa 'yan sojojin da na yi da tsinken ashana na shafa musu farin fenti.

"Wallahi ya yi kyau, Malam."

"Yana tsayawa a ruwa. Ki zo bakin dam ki gani, ko da ƙawayenki ne."

"In bi ka bakin dam, gari ya samu mahaukaci na biyu?" Ba ta yi dariya ba. "Hutu nawa na zo gida ina sauraron sallamarka, sai a ce kana Gwiwa, kana Babura."

"Ai dominki nake yi. Ke kika ce ya tsaya a ruwa."

"Na ce. Ban ce ka ƙaura kududdufi ba."

Ta ce in yi haƙuri, ba za ta karɓa ba, domin in ta karɓa ta amsa ke nan, ita kuma zuciyarta ta riga ta fita daga kaina. Na sake naɗe shi a buhu a gabanta. Igiyar ma ta ƙi ɗauruwa, sai da ta riƙe mini gefe ɗaya. Ita ta kafa sharaɗin, na cika shi, kuma ba ta taɓa ganinsa a kan ruwa ba. Hedimastanmu ya karɓi jirgin ya ɗora a kan kabad ɗin ofis, tsatsa ta gama da shi a can.

Bayan ta gama makaranta ta auri wani malamin gona ɗan Babura, zaɓin kanta. Ta yi koyarwa shekaru masu yawa, har ta riƙe wata firamare a Gwiwa, inda aka ce malamai maza ma shakkarta suke yi. Mijin ya rasu, ita ta yi ritaya. Labarin ƙarshe da na samu, ciwon gwiwa ya hana ta fita sosai, tana zaune a gidan babban ɗanta, tana da firji tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, matan unguwa kuma suna zuwa da hantsi tana koya musu karatu.