Buhun Gaisuwar da Ya Dawo Gida

Maigidana bakanike ne, amma ba na kowace mota ba. Mota ɗaya ya sani a duniya, wata doguwa mai faɗi da nauyi da mutanenmu suka laƙaba wa suna Dorina. A shekarun da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, lokacin da arziki ya sauka a hannun 'yan kwangila da manyan dillalan shinkafa da albasa, duk wanda Allah ya ɗaga sai ya sayi Dorina tun kafin ya gyara zauren gidansa. In ta yi tari ko atishawa kuwa, garejinmu na Nasarawa ake kawo ta. Ni malamar firamare ce, ban san komai a kan inji ba, amma na san ƙamshin kujerunta, na kuma san yadda baƙin manta yake ƙin fita daga riga.

Kamfanin da ke kawo motar shi ya koya masa aiki tun yana saurayi. Manajansu na wancan lokaci, wani dattijo mai son raha, shi ya tura shi kwas, ya ba shi akwatin kayan aiki da allo mai tambarin kamfani, ya ce ya je ya buɗe gareji a garinsu. Tun daga ranar maigidana bai ƙara kiran kamfanin da sunansa ba, sai dai ya ce ubangidana. Nakan tsokane shi in ce wane irin ubangida ne wannan da bai taɓa zuwa sunan ɗa ko ɗaya a gidanmu ba. Sai ya yi dariya ya ce boko ya lalata ni.

Wanda yake da ubangida kuwa dole ya kai gaisuwa. Duk shekara idan lokacin bikin kamun kifi ya zo a Argungu, garin iyayena, kamfanin yakan kafa rumfa a filin baje koli, ya ajiye sabuwar mota mutane su kewaye ta suna kallo. Nan maigidana yake kai buhun shinkafa daga gonarsa ta fadamar Ambursa, da kifi banda daga wurin mahaifina. Aikin shinkafar nawa ne. Ni nake jiƙa ta, in turara, in shanya, a cashe, sannan in zauna da faifai ina tsince tsakuwa har idona ya yi ruwa, don ya ce kada a ji ƙasa ko ɗaya a bakin Manaja. Ina yi ina mita, amma ban taɓa bari wata ta taɓa min aikin ba. Manaja yakan buɗe buhun, ya damƙo, ya shinshina, ya ce a gaishe da Malama. Wannan gaisuwar kawai nake samu, kuma gaskiya tana yi min daɗi.

Sai zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, kwangila ta ɗauke, Dorina kuwa ba ta san an shiga wani hali ba, mai take sha yadda ta saba. Kayan gyaranta suka fara wuyar samu. Alhazan da suke aiko direba suka koma zuwa da kansu, su tsaya suna kallon motarsu a kan duwatsu, ba taya, su juya su tafi. Akwai wadda ta daɗe a garejin har kazar maƙwabta ta yi ƙwai a kujerar baya. Wani Alhaji na Badariya da ya gaji da jira ya ce maigidana ya riƙe tasa kawai, in ta tashi ya hau. Haka muka zama masu Dorina a daidai lokacin da kowa yake gudunta.

A bencin gareji ba a maganar komai sai inda kamfanin zai dosa. Wasu suka ce za a sayar da shi ga wasu Turawan. Wasu suka ce zai koma ƙera ƙananan motoci irin waɗanda suka cika tasha. Wani direba ya rantse cewa ƙara mata tsada za su yi, ta zama sai gwamna da sarakuna. Maigidana yakan saurare su duka yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce duk surutu ne, waɗanda suka yi Dorina ba za su ƙera abin da iska za ta ture a kan titi ba. A halin nan abokan sana'arsa duk sun watse, wasu sun koma babura, wasu injin ban ruwa, wanda manoman fadama suka fara saye kamar gyaɗa. Suna samun na cefane, mu muna lallaɓawa da albashina.

Wata rana da hantsi, ina shara yana shirin fita, na kasa haƙuri. Na ce masa, Malam, hannun da ya iya cikin Dorina ba zai gagari injin ban ruwa ba, ka sauke allon nan ka kama abin da mutane suke kawowa. Ya tsaya da hula a hannu, ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

“Malama, mutanen ga su sunka ba ni suhwana ta hwarko ta kwance noti. Yanzu don sun shiga wani hali in tahi in bar su? Bari dai mu je Argungu in ji daga bakin Manaja.”

Shekarar na tsince shinkafa da fushi, amma na tsince ta tas. Muka ɗora buhu da ƙunshin kifi a Dorinar Alhaji, muka kama hanya da safe. Da ma maigidana ya tayar da ita, ya wanke ta har tana ɗaukar ido. A hanya yana ta nuna min yadda take haɗiye rami ba a ji, ni kuma ina kallon ƙananan motoci suna wuce mu.

Rumfar kamfanin ta ragu, sai da muka yi tambaya muka gane ta. Na tsaya gefe cikin mata, inda nake ganin komai. Ba Manaja, sai wani matashi mai kwat da laktaye, Hausarsa ba irin tamu ba. A bayansa ga wata 'yar mota ja, gajeriya, kuma a goshinta ga tambarin nan dai da yake kan allonmu. Maigidana ya sauke buhun daga kafaɗa ya yi sallama. Matashin ya amsa, ya ce, Baba, masu sayar da abinci ta baya suke bi.

“Ba saidawa nika yi ba. Gaisuwa ta, ta Manaja.”

Ba zan yi wa matashin nan ƙarya ba, bai yi rashin kunya ba. Ya jawo kujera ya ba shi, ya yi masa bayani a hankali. Manaja ya ajiye aiki tun bayan bikin bara ya koma garinsu. Kamfani ya daina kawo manyan motoci, kayan gyaransu ma abin da ya rage a sito shi ke nan. Wannan 'yar jar ita ce gaba, kuma ba a buɗe injinta sai a garejin kamfani na Sakkwato. Maigidana ya tambayi abu ɗaya, wai waɗanda suka sayi Dorina a da, wa aka bar wa su. Matashin ya ce suna iya kawowa a musanya musu da ƙarama.

Maigidana ya gyaɗa kai, ya tashi, ya tura buhun gabansa, ya ce to a karɓa a madadin Manaja. Nan ne abin ya fi ciwo. Matashin ya ce ya gode ƙwarai, amma dokar kamfani yanzu ta hana ma'aikaci karɓar kyauta daga hannun kowa. Ya ɗauko ɗan maƙalin makulli mai tambari ya miƙa masa. Matashin bai san abin da ya yi ba. A wurinmu, in ka kai wa babba gaisuwa ya mayar maka, ya faɗa maka ke nan ba ka da shi, ba shi da kai. Ina tsaye na ga maigidana ya durƙusa ya sake saɓa buhun, wani ya taso zai taimaka ya ce a bari. Na ja mayafi na rufe fuska, don kuka ya zo min a gaban mutane.

Bai yarda mun biya gidan iyayena ba, ya san Inna za ta tambayi yadda aka baro Manaja. Kifin ya miƙa wa wani tsoho a bakin hanya. Muka juyo Birnin Kebbi da buhunmu a bayan mota. Na yi gaskiya a gardamarmu, kuma ban taɓa jin ɗacin gaskiya irin na ranar ba.

Daga baya ya kama injin ban ruwa, ya kuma ƙware, har daga Augie ake kawo masa. Amma ya daina labarin aiki in ya dawo gida. Allon ya bar shi a wurinsa, yana jiran a zo a ce ya sauke, ba wanda ya zo, rana ta cinye tambarin.

Buhun kuwa, da kansa ya ajiye shi a ɗakin girki ya ce yara su ci. Na tuƙa tuwo da miyar kuka, yara suna ta santi, wai ba su taɓa cin shinkafa ba tsakuwa irin wannan ba. Na kai masa nasa, ya buɗe kwano ya duba, ya rufe, ya ce in dama masa fura. Haka ya yi ta shan fura har shinkafar ta ƙare. Ranar da nake kakkaɓe buhun a tsakar gida zan ba masu tara gawayi, ya leƙo daga zaure.

“Wanke shi ki aje, Malama. Wa ya sani ko baɗi su sake shawara.”

Na wanke, na ninke, na ajiye. Da shekara ta zagayo ya je Argungu shi kaɗai, ya tarar da masu sayar da taki a inda rumfar take.