Dodanni Uku a Gonar Auduga

Shan inna ta taɓa mini ƙafar hagu tun ina ɗan shekara uku, saboda haka duk abin da yaran ƙauyenmu suke yi da gudu, ni da baki nake yinsa. Ƙauyen yana kusa da Gozaki, gidaje ne 'yan kaɗan a tsakiyar gonakin dawa da auduga. Ba na tsere, ba na kokawa, ba na hawa bishiya. Amma ina da wasana wanda ni na ƙirƙiro shi, kuma har yau in wani ya ce shi ya fara shi, sai mun yi rigima.

Wasan dodanni muke ce masa. Nakan share ƙasa a gindin ɗorawar da ke ƙofar gidanmu, in ɗauki tsinke in zana gari da kogi da dutse. Kowane mai wasa yana da dodonsa. Ni ba ni da dodo, ni ne mai shimfiɗa: in faɗi abin da ke gabansu, su kuma su faɗi abin da dodanninsu za su yi. In abin yana da shakka, sai a watsa ɓawon gyaɗa huɗu. Uku ko huɗu suka buɗe sama, an ci. In ba haka ba, an faɗi. Da farko wuri muke watsawa, irin kuɗin mutanen da, sai babanmu, wanda shi ke wa'azi a ɗan cocin ƙauyen, ya ce wuri na 'yan caca ne, ya kwashe su ya zuba a aljihu. Gyaɗa kuwa ba ta da laifi a wurinsa.

Mutum uku ne abokan wasana. Akwai yayana, ɗan wan babana, sarkin surutu, mai Dodon Wuta, wanda wani jan dutse ke tsaya masa a kan zanen. Akwai ƙanwarsa, sa'ata, mai Dodon Ruwa mai hannu goma, ita da ɓawon katantanwa take wasa. Sai ɗan maƙwabcinmu, mai Guguwa, da gashin zabo.

Laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Don ina tsoron kada su gaji su tafi, duk ƙarfin da suka roƙa wa dodanninsu sai in ba su. Yau a ƙara wa Wuta tsawon harshe, gobe a ƙara wa Guguwa faɗi. Kafin shekara ta zagayo, ba abin da ke iya tsayawa a gabansu. Na kawo mayaƙa dubu, na kawo giwa mai kai bakwai, na kawo ganuwar ƙarfe. Wuta ya hura, Guguwa ta kwashe tokar, Ruwa ya wanke wurin. Kafin kunu ya huce an gama, sai su zauna suna hamma suna kallona.

Ana cikin haka, a hutun ƙarshen shekara, wajejen ƙarshen shekarun saba'in, wani ya zo wa yaran ƙauyen da ƙwallon fata daga Funtua, irin wadda ake hura wa iska da famfon keke. Ranar Laraba yayana ya zo ya tsaya a kaina, ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Kai, wasan nan naka ya zama tuwon jiya. In ran Asabar ka kawo mana abin da zai sa mu gumi, to. In ba haka ba, filin makaranta muka yi, mu duka."

Na ce masa ya tafi yanzu ma, hanya a buɗe take, kuma Allah ya sa ƙwallon ta fashe. Na faɗa da ɗaga murya, amma cika baki ne kawai. Filin makaranta ba shi da nisa, in ana ihu a can ana ji a ƙofar gidanmu. Na san abin da ke jirana: zama ni kaɗai a gindin ɗorawa, ina jin muryoyinsu, har hutu ya ƙare, har wani hutun ma.

Kwana biyu ina ƙera wani ƙaton dodo a raina, mai kai ɗari, mai fatar dutse. Ina ƙera shi ina sane da cewa hura uku zai sha ya faɗi. Ranar Juma'a da hantsi na ja ƙafata na shiga sashen kakata, mahaifiyar babana. Ita ba ta taɓa taka coci ba, tana da abin da take yi wa yanka a gindin tsamiyar bayan gida, kuma ita da ɗanta sun daɗe da daina gardama a kai. Na same ta a kan tabarma da tulin audugar da aka ɗebo daga gona, tana tsince datti kafin a kai fuloti, wato inda ake duba auduga a saya.

Ta ce, "Maigida, wannan fuska fa? Ko wata ka gani a waje ta ƙi ka? Zauna ka taya matarka aiki."

Na zauna da haushina, na damƙo auduga cike da hannu na fizga. Ta make mini hannu.

"Auduga ba ta san ƙarfi ba. Kakanka da hannu yake kayar da bijimi, amma tunda yake bai taɓa kai lamba ɗaya fuloti ba. In ya ɗiba, rabi auduga rabi busasshen ganye. Sai ni na bi baya."

Na tambaye ta me ke hana auduga zama lamba ɗaya. Ta lissafa mini tana tsinta: in an ɗebe ta da raɓa, malamin auduga zai taɓa ya ji sanyi ya ture ta gefe. In ganye ya farfashe a ciki, lamba biyu. In iska ta yar da ita ta sha ƙasa, lamba uku, ko a ce ka koma da abinka. Wuta kuwa ba a ma maganarta, tartsatsi ɗaya ya isa. Na tsaya da tsinta ina kallonta. Jiƙa, iska, wuta. Dodannina uku ta lissafa ba ta sani ba. Na roƙe ta 'yar audugar da ba ta wuce cikin tafi ba, da kuma zama a ƙofar gida gobe da la'asar.

Ranar Asabar na kakkafa tsinkaye layi-layi a ƙasa, na maƙala wa kowanne ɗan farin auduga. Suka zo, yayana har ya naɗe ƙafar wandonsa don ƙwallo. Na ce musu tsohuwar da ta raini dodannin nan uku tun suna jarirai ta kwanta ciwo, ga gonarta ta fashe fari fat, kuma ba mai ɗiba sai su. Dole su kai lamba ɗaya kafin a rufe fuloti, kuma za a rufe ne idan inuwar ɗorawa ta taɓa wancan turmin. Malamin auduga ga shi can, na nuna kakata. Sannan na kafa doka ɗaya: Dodon Wuta ba ya buɗe baki sai wuta ta fito, saboda haka muddin jan dutse yana cikin gona, duk kalmar da mai shi ya furta, wuta ce.

Yayana ya kwashe da dariya, ya ajiye dutsensa a tsakiyar gona ya ce, "Wannan ai aikin tsofaffi ne. Ni zan fara."

Na ce, "Ka yi magana. Watsa."

Ya watsa, ɓawo uku suka kife. Na tuge tsinkayen gaba ɗaya na ce gona ta ƙone ƙurmus, tsohuwa tana kuka a ɗaki. Karo na biyu ƙanwarsa ta sa hannuwan Ruwa goma ta ɗebe gonar a ɗan lokaci, amma a jiƙe sharkaf. Mai Guguwa ya ce shi zai busar, ya hura da duk ƙarfinsa. Na ce to, audugar tana can tana sauka a Dandume, sai su je su tsinto. Kakata ta yi dariya har da tari.

Yayana ya miƙe tsaye. Ya dubi hanyar makaranta, ya dube ni. Wannan ɗan lokacin shi ne mafi tsawo da na sani a yarintata. Sai ya ce, "Sake shimfiɗawa." Ya ja sauran biyun suka koma bayan bishiya suna ƙus-ƙus don kada in ji. Tunda muka fara wasan ba su taɓa yin shawara ba, don ba su taɓa buƙatarta ba. Na shiga sake kakkafa tsinkaye cike da murna.

Suka dawo da dabara mai kyau, har ni ban hango ta ba. Wuta zai tsaya nesa da gona ya gasa hannuwan Ruwa har su bushe. Daga nan Ruwa ya ɗiba a hankali, yatsa uku-uku. Guguwa ba za ta hura ba, numfashi kawai za ta yi, don ta kore busasshen ganye. Shi kuma Wuta zai shiga gona baki rufe, ya riƙa tafiya tsakanin kunyoyi don ɗumin jikinsa ya hana hannuwan sake jiƙewa. Kowane layi sai an watsa gyaɗa. Sun ci wasu, sun faɗi wasu sun sake. Mai Guguwa yana ta zufa kamar shi ke noman. Yayana ya dafe bakinsa da hannu biyu, idanunsa kamar za su faɗo, yana nuna wa ƙanwarsa layi da haɓa. Inuwa kuwa saura taki ɗaya ta taɓa turmi.

A daidai nan 'yan ƙwallo suka iso, su wajen shida, babbansu da ƙwallon a hammata. Suka kira yayana. Suka ce mutum ɗaya ya rage musu, kuma shi za a ba gaba. Jan dutsensa yana tsakiyar gona, saura layi biyu. In ya ce musu "ina zuwa", gonar ta ƙone, in ya ce "ba na zuwa", ta ƙone. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jira.

Bai ko juya sosai ba. Ya cire hannu ɗaya daga bakinsa, ya kore su da shi kamar mai korar kaji daga shanya, ya mayar da hannun. Suka ƙara kira, suka yi masa tsiya, suka gaji suka tafi.

Aka watsa na ƙarshe, huɗu duka suka buɗe. Ƙanwarsa ta tattara 'yar audugar a tafinta ta kai wa kakata da hannu biyu. Tsohuwar ta ɗauki lokacinta, ta ja ta, ta shinshina, ta ɗaga ta wajen rana, ta kanga ta a kunci don jin sanyi. Sannan ta ce, "Lamba ɗaya."

Yayana ya ɗauke dutsensa daga gona tukuna, sannan ya saki ihun da ya tara tun ɗazu, har babanmu ya leƙo. Daga filin makaranta ana jin nasu ihun, ban ko damu ba. Da ya gama tsalle, ya dawo ya durƙusa kusa da ƙafata mara lafiya, yana haki, ya ce, "Gobe bayan coci me za ka kawo mana?"

Na ce ban yanke shawara ba tukuna, ya dai zo da wuri in yana son wurin zama.