Ranar da Inna ta bi masu hijira

Ban fi shekara tara ba sa'ad da wani malami ya sauka a Matameye, ba a daɗe da zaman Nasara a Damagaram ba. Ranar kasuwa yakan tsaya gindin tsamiya yana wa'azi, wai duniya ta zo ƙarshe, ƙasar da Nasara ya taka ba a karɓar sallah a kanta, mai son tsira ya yi gabas.

Inna ta gaskata shi. Daminar da ta wuce ta binne ƙannena biyu, tun daga nan ban ƙara ganin dariyarta ba. Ta bar furar sayarwa, ta bar zuwa biki. In na dawo daga rijiya sai ta wanke mini ƙafafu har sau uku, kada in shigo mata da sawun kafirai. A hankali take cuɗawa.

Da Inna ta ce za ta bi malamin zuwa gabas, Baba ya ce ba inda za shi, gero ya fara fid da kai. Suka yi kwanaki ba sa magana. Daga ƙarshe kakata, mahaifiyar Baba, ta ce a tambaye ni wanda zan bi.

Da hantsi aka tsayar da ni tsakar gida. Inna ta riga ta ɗaure ƙwaryar kayanta. Ta durƙusa gabana. Ni ce 'yar farinta, kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunana ba. Ran nan ta kira shi.

"Taso mu tafi," ta ce. "Ba na so a tashe ni gobe kiyama ba ke."

Na ce, "Inna, akuyata ta kusa haihuwa. Ki bari ta haihu tukuna."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na zaci za ta zauna ta jira ni, yadda ta saba. Ta daɗe tana dubana, sannan ta miƙe ta ɗora ƙwaryar a ka. Na bi ayarin masu hijirar da gudu har bayan gari, kaka ta cim mini ta riƙe ni.

Bayan shekara huɗu wata mata 'yar garin Dungu, cikin waɗanda suka tafi tare, ta dawo ita kaɗai. Ta ce malamin ya rasu tun ba su kai tafkin Cadi ba, jama'a suka watse. Inna ta ƙi juyowa, ta bi wasu suka ci gaba.

Na ce, "Gwaggo, tana maganata?"

"Ba ta magana," in ji matar. "Amma kullum sai ta ware tuwo a ƙaramin akushi, in ya huce ta ba 'ya'yan mutane."

Ba mu sake jin labarinta ba. Baba bai yarda a yi mata sadakar mutuwa ba har shi ma ya rasu.