Daren da Ban Amsa wa Kaka Ba

Duk shekara idan Oktoba ta zo ƙarewa, manyan kantunan Abuja suka fara jera kabewar roba mai haƙora don Halowin, bikin dodanni na Turawa, sai wani abu ya dawo mini a rai. Kunya ce, kuma ta fi shekara ashirin tana bina.

A Mararaba muka taso. Babanmu ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, tun asuba yake fita don gudun cunkoson hanya. Da kakanmu ya rasu, aka ɗauko Kaka daga Karshi ta zauna da mu. Ta zo da ƙullin kayanta da tsohon kurfoti, ta ce ita abincin risho warin kananzir yake mata. Idan aka ɗauke wuta, abin da kusan kullum ne, sai ta hura gawayi a baranda bayan isha'i, ta ɗora masara, ni da ƙanwata Ummi mu raɓe a tabarmarta. Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika, tana cewa ba ta taɓa ganin miji marowaci irina ba, ko goro ɗaya ban taɓa kawo mata ba.

Doka ɗaya gare ta. Idan ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," dole mu amsa, "Ta zo mu ji ta," kuma ba da ciki-ciki ba. "Tatsuniya baƙuwa ce," in ji ta. "Sallama take yi. In ba a amsa ba, ba ta shiga gida."

Wani dare, ina ɗan shekara goma sha biyu, ta fara mana labarin Dodon da ke kwaikwayon muryar mutane. Da magariba yakan tsaya bayan gari ya kira sunan mutum da muryar wani nasa, duk wanda ya amsa ya fita, an rabu da shi ke nan. Sai mutanen garin suka yi shawara, in rana ta faɗi kowa ya kulle ƙofa, kada a amsa kiran kowa. Rannan uwar wani maharbi ta makara a gona, ƙaya ta soke ta, ta rarrafo har ƙofar ɗanta cikin duhu. Ta kira shi sau ɗaya, ta kira sau biyu. Yana ji, ya gane muryar, hannunsa a kan sakata. A nan Kaka ta leƙa fuskar Ummi ta ga barci ya kwashe ta. "Sauran sai gobe, in Allah ya kai mu," ta ce. Na yi magiya har na gaji, ta ƙi.

Washegari abokina Faruk ya biyo ni gida daga makaranta. Ɗan wani darakta ne, a Maitama suke, kuma duk ajinmu neman shiga wajensa ake yi. Ya zo da faifan fim ɗin ban tsoro, ya ce lokacin Halowin ne, haka ake yi a Turai. Baba ya yi tafiya, Mama tana gidan biki. Ni kuwa kaina ya kumbura, na tayar da ƙaramin janareto, muka baje a falo.

Fim ya ɗauki zafi ke nan sai ƙamshin masara ya shigo ta taga. Na ji muryar Kaka daga baranda. "Ga ta nan, ga ta nanku."

Faruk ya waiwaya yana dariya, ya yi tambaya da gurguwar Hausarsa. "Guy, wane ne wannan old woman? Me yana faɗa?"

"Share ta kawai," na ce. "Surutun tsufa ne."

Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Ummi ta buɗe baki za ta amsa, na mintsine ta. Da Kaka ta faɗa karo na uku, har da ƙarin "Maigida, kana ciki?", sai na ɗauki rimot na ƙaro murya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Direba ya zo ya ɗauki Faruk, mai ya ƙare a janareto, ni kuma jarumin falo na kasa shiga ɗakina. Ko labule ya motsa sai in zabura. Na lallaɓa ɗakin Kaka na kwanta wajen ƙafafunta. Ta tofa mini addu'a, ta lulluɓe ni da zanenta mai ƙaurin hayaƙi.

Da dare ya sake yi na zauna a tabarma kamar ban yi komai ba, na ce ta ƙarasa mana. Ta juya masara, ta ce, "Ai ta zo jiya, Maigida. Sau uku ta yi sallama, ba kowa a gidan, ta koma." Na ɗauka wasa ne. Haƙuri ɗaya da na ba ta, na tabbata da ta sauko, amma girman kai ya hana ni. Ta ci gaba da gasa mana masara, tatsuniya kuwa ba ta ƙara ba. Da lokacin girbi ya yi ta koma Karshi ganin amfanin gonarta, kafin wata damina Allah ya karɓi abarsa.

Da ina yaro na ɗauka darasin labarin shi ne kada ka amsa kira da dare. Sai da na girma na lura maharbin ko ba komai tsoron Dodo yake yi. Ni dariyar ɗan ajinmu kawai na ji wa tsoro.

Bara 'yata ta matsa sai mun kalli fim ɗin Halowin. Na kashe talabijin, na koya mata yadda ake amsawa, ta amsa da ƙarfinta. Na ba ta labarin har inda hannun maharbi ke kan sakata, sai na tsaya a nan.

"Daddy, to ya buɗe mata?"

"Ban sani ba," na ce. "Ranar da za a faɗa mini, ban amsa ba."