Ranar da Na Yi Gadin Ƙofar Mashaya

Ko zan manta da komai na zamana a unguwar Maamobi, ban da Asabar ɗin da na raka Turawa kallon duwatsu. Lokacin ina koyar da yara a wata Islamiyya, kuma da ɗan albashin nan nake riƙe da mahaifiyata. Wani abokina da ya karanta ilimin duwatsu a jami'a ya roƙe ni in nuna wa baƙinsa lunguna, tunda a nan aka yanke min cibiya. Bai ga dalilin faɗa min cewa bayan kowane dutse akwai kwalba ba.

Muka fara daga babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Maamobi. Mu da muke toshe hanci a wurin, sai ga mutanen da suka hau jirgi takanas suna leƙa ta suna murna. Shugabarsu, wata dattijuwa, ta ɓanɓaro marmara daga gindin wani tsohon gida, ta lasa, ta ce marmarar ta girmi Annabi Adamu. Na ce to, Allah ya ƙara sani.

Da muka doshi unguwar Kanda, sai abokina ya ɗaga labulen wata mashaya, wai al'adar irin wannan yawo ce a jiƙa maƙoshi. Na ce a'uzubillahi, ni malami ne, ƙafata ba za ta taka ba. Sai na tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa, rungume da jakar duwatsu, ina jin kaina waliyyi. Kai, wauta ba ta da magani! Matan da ke dawowa daga kasuwar Malam Atta suka yi ta leƙo ni ta tagar motar haya, wato trotro. Wata ma ta ɗaga murya: "Malam, sannu da aiki!"

Da wani Bature ya yaye labulen zai fito, muka yi ido huɗu da wani Alhaji, babba a kwamitin makarantarmu, can a kusurwa da kofi a gabansa. Ba kunu ba ne.

Kafin magariba labari ya riga ni gida, har ya ƙara ƙiba: an ce da ƙyar nake tsayuwa. Washegari kwamiti ya kira ni. Mai makaranta ya ce, "Wa zai ba mashayi ɗansa? Kana da shaida?" Na san aikin ya tafi. Mai shaidata ɗaya ne a duniya, Alhajin nan, ga shi zaune yana jan carbi. Na zuba masa ido.

Ya yi gyaran murya, ya share gumi. "Jama'a, ni dai zuciyata ta ba ni yaron nan bai shiga ba. Kamar ina ganinsa a tsaye a waje."

Aka yi kabbara. Aka bar min aikina, shi kuwa daga ranar aka fara cewa Alhaji yana gani har hanji, mata na kai masa jarirai ya tofa musu albarka.

Abin da na koya shi ne, a unguwanninmu na Zango labule yana rufe na ciki ne kawai. In ba za ka shiga ba, to kada ka tsaya a ƙofa, yi gaba abinka.